Shekarar da Aka Sauya Wutar Makka

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, wanda aka haifa a garin nan da nake tsufa a cikinsa.

Kwanakin baya wani saurayi ya tsaya da mota a ƙofar shagona da ke Hindawiyya. Shi da abokinsa suka sauko da wani dogon akwatin rediyo mai garmaho, irin wanda ake jinginawa da bango ya cinye rabin ɗaki. Na kakansa ne, in ji shi. Da na dubi fuskarsa na san jininmu ne, sai na yi masa Hausa. Ya yi murmushi ya ce, "Sannu Baba," daga nan Hausarsa ta ƙare, sauran da Larabci muka yi. Ya ce in goge katakon ya yi sheƙi, in sa fitilun gaba su kama, shi ke nan. Na ce, muryar fa? Ya ce, "Ya ammi, murya ai tana cikin waya. Wannan don ado ne." Ban yi masa faɗa ba, yaro ne mai ladabi, kuma abin da zamaninsa ya koya masa ya faɗa. Amma bayan ya tafi na daɗe a zaune ina shafa murfin akwatin, ina shaƙar ƙamshin tsohon katako da ƙurar da ta dahu a jikin ƙwayayen gilashin ciki. Wannan ƙamshi ne ya ɗauke ni ya mayar da ni Misfala, lokacin da gemuna bai san furfura ba.

Misfalar da na tashi a cikinta ba ita ce ta yau ba. Yau in ka tsaya a inda lungunmu yake, dogayen masaukai ne suka tokare sama, kunne ba ya jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da hon ɗin motocin alhazai. A da kuwa unguwa tana da murya. Kafin ka wartsake daga sallar asuba za ka ji mai tamis yana maka gurasa a jikin tanderu, 'yan ga-ruwa suna hawa tudu da garwa biyu a sanda, ƙarfe yana kuka, suna roƙon a ba su hanya. Tattabaru su taso daga wajen Harami su wuce ta kan rufinmu kamar ana kaɗa tabarma. Akwai wata tsohuwa Bakatsiniya mai ƙosai a bakin lungu, ciniki da Hausa take yi, faɗa kuwa da Larabci, domin ta ce zagin Hausa nauyi gare shi, bai dace da garin nan ba. Ta tagogi kana jin Kananci da Sakkwatanci da maganar mutanen Damagaram sun cakuɗe da ta Jawawa da Yamalawa. Da yamma kuma, in zafi ya karye, can cikin wani gida sai ka ji an ɗora faifai a hankali, an rage murya don kada maƙwabci ya ji kunya. Larabawan nan bakam suke ce wa abin, mu muka riƙe sunanmu na gida, garmaho.

Mahaifina alaramma ne, Bakano, kuma da ƙafa ya zo. Ya ratsa Barno da Chadi, ya zauna a Sudan yana tsinkar auduga yana koyar da yara har guzuri ya taru. Can ya auri Inna, can aka haife ni, a goye na ƙetare teku. Sana'arsa rubuta Alƙur'ani da ka, takarda bayan takarda, ba ya duba wani littafi. Aikina tun ina ƙarami shi ne dafa ƙaro da niƙa tawada, da wanke alluna, da jera takardun da ya gama a inuwa kada iska ta kwashe. A hannunsa na koyi ajami, har yau kuma in zan sa wa waya alama a cikin rediyo, daga dama nake farawa. Abu ɗaya ne bai taɓa bari na yi masa ba, feƙe alƙalami. Alhazai ne ke kawo masa gamba daga gida, yana tattalinta kamar zinariya. Yakan riƙe wuƙa ya daɗe yana duban kan karan kafin ya taɓa, ya ce mini, "Wuƙa ragewa ta sani, ba ta san mayarwa ba."

Sana'ar da na kama ban gaje ta ba. Wani Bajawe ne, daga cikin Jawawan nan maƙwabtanmu, Usta Yasin, mai ɗan shago a gangaren unguwarmu, ya ga ina yawan tsayawa ina kallon hayaƙin dalma yana tashi daga kan ƙarfensa. Ya jawo ni, ya koya mini yadda ake sauraron inji kafin a kwance shi, yadda ake gane ƙwan da ya mutu daga kalar haskensa, yadda ake dafa tayar roba da ta ƙandare a ruwan zafi ta dawo da laushi, yadda ake ɗora allura a kan faifai kamar ana kwantar da jariri. Yaran yanzu in abu ya lalace cirewa suke yi su sa sabo, in babu sabo su ce ya mutu. Mu a wajenmu abu ba ya mutuwa sai mun gaji, kuma Usta bai koya mini gajiya ba. Da tsufa ya kama shi ya koma wajen 'ya'yansa, sai ya bar mini shagon da kayan aikin. A lokacin na zama cikakken saurayi, kuma a duk Misfala ba a ƙirga masu gyara uku ba a sa da ni ba. Ban faɗi wannan don fahari ba, ni'ima ce, an kuma umarce mu da faɗin ni'ima.

Sai dai Baba bai taɓa taka ƙofar shagon ba. In hanya ta biyo da shi, yakan tsallaka ɗaya gefen ya sunkuyar da kai. In aka tambaye shi me babban ɗansa ke yi, sai ya ce, "Yana nan." Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, amma kalmar nan da kowane ɗa ke jira, Allah ya yi wa nema albarka, ba ta taɓa fitowa daga bakinsa a kan wannan sana'a ba. Wata safiya bayan ƙaramar salla ya kira ni, na durƙusa, ya ce, "Mun tako ƙasa da ƙafa don mu kusanci Ɗakin Allah, kai kuma ka zo ka zama likitan akwatin mawaƙa. In alhazan bana sun watse, ka rufe shagon nan. Na yi magana da wani mai sayar da littattafai a bakin Harami, zai ɗauke ka." Na ce to. A zamaninmu ba a ce wa uba don me. Na fita na koma shago na zauna a cikin kayan Usta, na kasa taɓa komai. Na dai san zan rufe ɗin, ko da zuciyata za ta fashe.

A cikin waɗannan watanni ne aka sauya wutar garinmu. Ita wutar lantarki tana da bugu kamar zuciya. Ta Makka a da bugunta a natse yake, ta Jidda ta fi ta sauri, sai hukuma ta ga a daidaita su, aka riƙa mayar da tamu irin ta Jidda, unguwa bayan unguwa. Mata suka ji daɗi, fanka ta ƙara iska. Masu agogon bango na lantarki suka shiga uku, sai mutum ya yi alwala ya fito ya tarar ladan bai ma taso daga gida ba. Garmaho kuwa duk suka kama gudu, katon namiji ya koma yana rera murya kamar ɗan yaye. Yawancinsu gyaran ba wuya, akwai ɗan ƙarfen da ake sayowa a Jidda a sauya musu. Ina cikin wannan aiki ne Alhaji Sule mai turare ya faɗo shagona, yana haki, hularsa a karkace.

Alhaji Sule Bazazzagi ne, abokin wasan Baba, kowannensu bawana yake kiran ɗan'uwansa. Yana da wani akwati ƙirar Jamus, tsawonsa ya kai mutum a kwance, katakonsa kamar an shafa zuma. Duk Juma'a bayan la'asar dattawan unguwa sukan taru a ɗakin baƙinsa, a dafa shayi, ya ɗora musu faifan karatun wani shehi Bamisre. Baba yana zuwa, kuma dalilinsa ɗaya ne: shekaru masu yawa da suka wuce ya taɓa zama daf da wannan shehi a cikin Harami yana karatu, ya bi shi aya da aya a zuciyarsa, bai kuma manta ba. Ko da yake mu 'yan Warshu ne shi kuma da Hafsu yake yi, Baba yakan ce bai taɓa jin wanda ya ba kowane harafi haƙƙinsa kamar mutumin nan ba. Saboda haka yake zuwa, ya zauna ya ba akwatin rabin baya, kamar mai cin abinci a gidan da ba ya so.

"Kai, ɗan bawana, tashi!" in ji Alhaji Sule. "Ubanka ya kusa rushe mini gida jiya."

Na ce, "Lafiya, Baba Alhaji?"

"Ina lafiya? Na ɗora faifai, sai ga Shehi yana zuba gudu kamar wanda ya bar tukunya a wuta, murya siririya kamar ta yarinya. Ubanka ya miƙe tsaye ya ce kashe! Na kai hannu, ya ce a'a, bari ya kai ƙarshen aya. Da ya kai na kashe. Ya nuna akwatin da sandarsa ya ce wannan abu ya yi wa bawan Allah ƙazafi, mutumin da ya sani ba ya gudu da Littafin Allah. Ni kuma don in gyara, na murɗa maɓallin zuwa ƙasa, sai Shehi ya koma gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya. Wallahi dattawan nan rabi suna istigfari rabi suna danne dariya. Ya ce ba zai ƙara zama inda ake yi wa malamai ƙarya ba. Na ce, to bawana, ai ɗanka ne likita. Ya yi kamar bai ji ba, irin na Kanawa in an zo maganar da ba riba."

Na bi shi gida na kwance bayan akwatin. A ƙarƙashin farantin da faifai ke hawa akwai inji, a kan injin akwai wani ɗan tsinken ƙarfe, kaurinsa bai kai na alƙalami ba. Shi ke juya tayar roba, tayar ta juya faranti. Tunda injin ya ƙara sauri, dabarar ita ce a rage kaurin tsinken. Na wannan akwati kuwa haɗe yake da injin, ba a cire shi, na kuma aika Jidda aka zagaye kasuwa ba a sami irinsa ba. Hanya ɗaya ta rage, a kankare shi da hannu yana juyawa. Na faɗa wa Alhaji gaskiya, na ce in na rage kaɗan ana iya ƙarawa, in na zarce kuwa akwatin ya tashi daga aiki har abada, karatun zai riƙa ja ne kamar mai jin barci. Ya gutsuri goro, ya ce, "Yi. In ka ɓata, ubanka ya riƙa zuwa yana yi mini karatun da bakinsa duk Juma'a, dama bawana ne."

Da agogon hannu zan iya ƙirga juyin faranti in kai kusa da daidai, na sani. Amma ba agogo ne ya ce in rufe shago ba. Na kwana ina juya abin, da safe na sami Baba a kan buzunsa yana duban kan alƙalami. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, taimako nake nema."

Bai ɗago ba ya ce, "Na me?"

"Na kunnenka. Akwatin Baba Alhaji zai gyaru, amma ni ban san muryar Shehin ba sai a faifai. Kai ka ji shi da ransa. In na gyara da ƙiyasina, ina tsoron in cire masa wata ƙarya in ɗora masa wata."

Ya ci gaba da juya karan a hannunsa. Har na fara neman hanyar tashi. Sai Inna, da ke tankaɗe a bayan labule, ta ce, "Malam, kai ka ce an yi wa mutumin ƙazafi. In kai kaɗai ne shaida a garin nan, ai ban ga inda aka ba ka damar yin shiru ba." Baba ya dubi labulen, ya dube ni, ya ce, "Uwarka ta fi alƙalin Kano." Sannan ya kafa sharuɗɗa. Ba mai taɓa faifan sai da alwala. Kada a ga faifan waƙa ko ɗaya a ɗakin. Kuma ba za a ɗaga allura a tsakiyar aya ba, ko da gobara ta tashi.

Haka muka fara, kullum bayan la'asar. In cire faranti, in kunna injin, in naɗa 'yar siririyar samfefa, takardar nan mai kaushi, a kan tsinken yana juyawa, in matsa a hankali har in ji ɗuminsa a yatsana, garin ƙarfe yana zuba kamar kwalli. In tsaya, in goge, in mayar da faranti, in ɗora faifai. Baba yana zaune a gefe, ranar farko da rabin bayansa kamar yadda ya saba. Yadda yake awon ya ba ni mamaki. Ba ya kallon komai. Shehi na farawa shi ma sai ya fara a ƙasan maƙoshi, da irin tafiyar da ya riƙe tun daga Harami, su tafi tare. In Shehin ya riga shi isa wurin tsayawa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ya riga ni. Ƙara." Sharaɗin allura ya ja mana aiki ƙwarai, domin wani lokaci tun kalmar farko na san bai yi ba, amma dole in naɗe hannu mu jira aya ta ƙare, wata ayar kuma doguwa ce. Alhaji Sule yana kai da kawowa da butar shayi yana tsokana. "Bawana, yau ka juyo da kunne ɗaya, gobe sai hanci." Baba ya ce, "Zuba shayi, aikin da Zage-zagi suka iya ke nan." Amma gaskiyar Alhaji ce. Kafin mako ya zagayo Baba ya juyo gaba ɗaya, har ya matso da buzunsa, yana leƙen yatsuna. Wata rana ina cikin kankara na ji ya ce a hankali, "Sassauta hannu, ka karkata hagu." Na duba, gaskiya ne, gefe ɗaya ya fi cinyewa. Idon da ya shekara yana feƙe gamba ya ga abin da nawa bai gani ba.

Murya ta riƙa sauka kaɗan kaɗan. Yarinya ta koma saurayi, saurayi ya fara zama dattijo. Ranar Juma'ar da muka zo ƙarshe dattawa sun cika ɗakin, domin labari ya zaga unguwa cewa alaramma da ɗansa suna yi wa akwati ladabi. Na ɗora faifai, Baba ya bi, ya ce, "Saura ƙiris." Ni a raina na ga kamar ya isa. Tsinken ya sirance har ina jin tsoron kallonsa. Na ce, "Baba, anya?" Ya ce, "Ƙiris na ce." Na yi bismilla, na naɗa samfefar da ta fi kowace laushi, na taɓa shi taɓawar da ba ta fi numfashi biyu ba, na janye hannu. Na mayar da faranti. Baba ya ce in sa wurin wata doguwar aya da Shehin ke ɗauka da numfashi ɗaya.

Suka fara tare. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗan shuu na allura da muryoyin nan biyu, ɗaya daga katako ɗaya daga ƙirjin mahaifina, sun haɗu har ba ka rarrabewa. Suka wuce rabi. Sai na ga kafaɗar Baba ta fara rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, muryarsa ta sirance, ta yanke. Ya ja iska da ƙarfi har da tari. Shehi kuwa ya ci gaba abinsa, a natse, ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Na ɗaga allura. Wani dattijo ya ce, "Ya ja da yawa." Wani ya ce, "An zarce." Alhaji Sule, mai bakin da ba ya rufuwa, ya ajiye buta ya koma gefe. Ni kuwa na ce a raina, shi ke nan. Na lalata kayan mutum a gaban jama'a, na tabbatar wa Baba da maganarsa, shago kuma ya rufu tun kafin alhazai su watse.

Baba ya sha ruwa, ya goge baki. Ya ce, "Mayar." Na mayar da allura farkon ayar. Wannan karon bai bi ba. Ya rufe ido, ya ɗora hannu a gwiwa, yatsansa ɗaya yana motsi a hankali. Ayar ta ƙare, bai ce a ɗaga ba, ta gaba ta shiga, ita ma ta ƙare. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba, ko ranar da aka binne ƙanena. Ya ɗaga hannu, na ɗauke allura.

Ya ce, "Shi ne. Wallahi haka na ji shi, kamar yanzu ina ganin rawaninsa." Ya juya wajen dattawan. "Ba a zarce ba. A wancan lokaci ina da ƙirjin da zan raka shi har ƙarshe. Tafiyar ita ce, numfashina ne ya gaza. Ni ne na tsufa, aikin yaron nan daidai yake."

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Alhaji Sule ya dawo da bakinsa nan take, ya ce, "Alhamdu lillahi, yau na ga Bakano ya amsa gazawa a bainar jama'a, a rubuta!" Baba ya yi dariya yana share ido, ya ce, "Za a rubuta, amma ba wannan ba." Na ɗauko allon bayan akwatin zan mayar in ɗaure, sai ya ce, "Dakata. Kawo nan." Ya jawo gafakarsa, ya fito da 'yar kwalbar tawada da alƙalami. Ya ɗora katakon a cinyarsa, ya juya cikinsa sama, ya ce, "Mu in mun kai ƙarshen rubutu ba ma tashi haka nan. Mai aiki yakan sa sunansa, don in an ga kuskure a san wanda za a nema wa gafara, in an ga daidai a san wanda za a yi wa addu'a." Ya tsoma alƙalami, ya rubuta da hannun nan nasa da alhazai ke layi a kansa, cewa an gama wannan gyara da taimakon Allah a hannun wane. Ya sa sunana. Ya ɗan tsaya, alƙalami a sama, duk muna kallo. Sai ya sake tsomawa ya rubuta ɗan wane, ya sa nasa sunan, har da na kakana.

Ya hura tawadar ta bushe, ya miƙo mini da hannu biyu. Aka fara kiran magariba daga Harami, dattawa suka shiga neman takalma. Na riƙe masa sanda har ya miƙe, muka fito tare muka gangara. Da muka zo daidai shagona bai tsallaka ba. Ya tsaya yana duban ƙofar da kwaɗonta, ya daɗe, mutane suna ratsa mu suna sauri zuwa salla. Can ya ce, "Ƙofar nan tana son mai, tun daga gida nake jin kukanta in ka buɗe. Gobe ka sa mata. Allah ya yi wa nemanka albarka."

Na ce amin. Ya ce, "Ɗaga ƙafa, za mu rasa raka'a."

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna da Usta da Alhaji Sule, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.